Giginyar Tsibiri

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Kaka da Kawu da duk mutanen gidan. Yaya ƙafar Kaka? Na so in ce yaya baƙunta, sai na rasa ko ana yi wa mutum wannan gaisuwar a gidan da aka haife shi. Mu nan lafiya lau.

Ki yi haƙuri da ranar da kika kira wayar Gwaggo aka miƙo mini na yi shiru. Ba fushi ba ne. Ina jin kina ta kiran sunana, bakina ne ya ƙi buɗuwa. Gwaggo ta karɓe wayarta tana cewa wai da ta sani da bango ta miƙa wa, shi aƙalla yana mayar da murya. Shi ya sa na ce bari in rubuta. Direban da ke zuwa wajenku ya ce zai riƙa ajiye miki a shagon Kawu.

Na ji kin tambayi giginyarki kafin ki tambayi ko ina cin abinci. Ban ji haushi ba, ni ma ita nake fara dubawa da safe. Tana nan inda kika bar ta, tsakiyar lambu, ta kusa kamo kafaɗata. Ina zuba mata ruwa a gindi, ba na bari ya shiga tsakiyar kanta, kamar yadda kika ce zuciyarta ɗaya ce kuma idan ta ruɓe shi ke nan. Ina tura yatsa cikin ƙasa tukuna, idan da danshi sai in ƙyale ta. Fararen ƙwarin nan masu kama da auduga sun dawo bayan ganyen, na goge su da tsumma da ruwan sabulu. Ganye ɗaya na ƙasa ya fara bushewa, ban yanke ba, ina jira ya bushe gaba ɗaya. Sabon toho ya fito a tsakiya, a tsuke kamar mashi, bai buɗe ba tukuna.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce wai wace irin giginya ce wannan, gajeriya, ganye kamar mafici an yi masa guga. Na so in ba ta labarin yadda Kawu ya kawo 'ya'yanta a cikin safa daga wani tsibiri, lokacin da yake aikin jirgin ruwa, da yadda kika jiƙa su kika binne a gwangwani, duk suka ƙi sai ɗaya. Na shirya maganar a raina tsaf. Kafin in fara ta tafi.

Na yi wa Abba maganar zuwana wurinki. Yana wanke hannu a famfo ne, baƙin mai yana bin ruwa, na faɗa wa bayansa. Ya ce nan ne gidanmu, kuma makaranta ba ta ƙare ba. Na ce to. Da aka yi hutu na jira ya tayar da maganar, bai tayar ba, ni ma ban sake ba.

A littattafan da nake karantawa, idan aka raba yarinya da wanda take so, takan yi kuka har matashi ya jiƙe, ta daina cin abinci, ta rame ta ƙara kyau. Na kwanta ina jira abin ya zo mini. Bai zo ba, Umma. Ina ci, ina barci, ina zuwa makaranta, ina dafa mana abinci ni da Abba mu ci kowa yana kallon kwanonsa. Kin san yadda ƙafa take yi idan mutum ya daɗe a zaune a kanta, ya taɓa ya ji kamar ta wani ce? Haka nake tun ranar da motar ta ɗauki akwatunanki. Kada ki damu, ba ciwo.

Wani lokaci ina zama kusa da giginyar da littafi, idan iska ta kaɗa ganyen sai in rufe ido in ce teku ne. Ban taɓa ganin teku ba, don haka ba mai cewa na yi kuskure.

Ki gaishe da Kaka, ki ce ina nan da ɗankwalin da ta ba ni. Ki huta lafiya.

'Yarki,
Auta

*

Ummana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da Kaka da Kawu, da fatan kuna lafiya. Takardarki ta zo, na gode da sabulun da littafin. Na taɓa karanta shi, amma ba komai, na sake.

Akwai labari, ba mai daɗi ba. Mai shagon da Abba yake gyaran firji ya ce yana son wurinsa, ɗansa zai buɗe wani abu. Abba bai samu wani shagon ba, sai ya kwaso komai gida. Yanzu tsakar gidanmu cike yake da matattun firji, wasu ba ƙofa, wasu a kwance. Tumatirinki da barkono duk an taka. Ya ce za a zuba siminti a lambun gaba ɗaya a kafa rumfar kwano, nan zai riƙa aiki.

Magini ya zo da igiyar awo. Ya auna ya auna, ya tsaya a kan giginyar ya ce nan ginshiƙin tsakiya zai zauna. Ya kama ganyenta ya ja, wai wannan ba ta 'ya'ya, ba ta inuwar da za ta rufe akuya, sara biyu ya ishe ta. Ina tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Abba ya dube ta, ya dubi ƙasa, ya ce to. Magini zai fara da zarar ya gama wani ginin da yake yi.

Gwaggo tana nan ranar. Ta ce mini kada in tsaya ina zare ido kamar an ce za a yanka ni, itace ne, in ina son kore a saya mini na roba, shi ba ya neman ruwa kuma ba ya yaji. Ta yi dariya ita kaɗai. Ba da mugunta ta faɗa ba, kin san bakinta.

Kin tuna matar nan da ke sayar da shuke-shuke a hanyar makarantarmu, wadda muke ce wa Mai Furanni? Na yi ta wucewa ta gabanta ina komowa, na kasa shiga. Rannan ita ta kira ni, ta ce 'yan mata, in saurayi kike jira a bakin rumfata to ki gaya masa ya zo ya sayi fure, ba a tsayuwa kyauta. Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Amma na gaya mata labarin giginyar.

Ta ce ana iya tayar da irin wannan, sai dai ba rana ɗaya ba. Idan aka tumɓuke ta haka kawai, saiwoyin da aka yanke ba sa ci gaba, za ta yi kamar tana da rai na ɗan lokaci sannan ta mutu a tsaye. Wai sai an haƙa rami a kewaye da ita, tazarar kamu biyu daga gindi, zurfin ya kai gwiwa, amma rabin da'ira kawai. A yanke saiwoyin wannan ɓangaren da wuƙa mai kaifi, a cika ramin da yashi, a riƙa jiƙawa. Ita kuma tana ci gaba da sha ta ɗaya ɓangaren, har ta fitar da sababbin saiwoyi a inda aka yanke. Sai an ga fararen saiwoyi a cikin yashin sannan a haƙa sauran rabin a ɗaga ta. Ta ce abin yana ɗaukar fiye da wata. Ta ara mini ƙaramar diga, ta ce in na ɓatar to in kawo saurayin ya biya.

Na fara. Idan na dawo daga makaranta Abba yakan fita ɗauko kayan gyara a gidajen mutane, lokacin nake yi. Ƙasar da tauri. Kafin ya dawo sai in jawo wata tsohuwar ƙofar firji in rufe ramin, in share burbushin ƙasar. Ban san yadda za ta iso wurinki ba ko da na gama. Ban kai nan a tunani ba. Ina haƙawa ne kawai, kuma lokacin da nake haƙa ne kaɗai nake jin hannuwana nawa ne.

Ki sa ni a addu'a. A gaishe da kowa.

Taki,
Auta

*

Ummana,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi lafiya, da Kaka, da Kawu. Yaya aikin shagon? Na ji kin ce sai yamma kike dawowa, Allah ya ba da sa'a.

Na karanta inda kika ce in bar ta, itace ne kawai, kada in jawo wa kaina faɗa. Na lura wurin ya ɗan goge kamar kin rubuta wani abu kin sake. Ko da ma takardar ta zo a makare, na riga na gama rabin. Hannuna ya yi bororo ya fashe ya warke. Malamar lissafi ta tambaya na ce wanki ne.

Ranar da nake yanke saiwoyin na ji tsoro. Suna da yawa, sirara kamar igiya, kowacce sai ta yi ƙara idan wuƙa ta ratsa. Bayan kwana kaɗan ganyen ƙasa suka yi rawaya, tohon tsakiya ya tsaya cak. Na koma wurin Mai Furanni, ta ce haka suke yi, in matsa tohon a hankali, in yana da ƙarfi to tana nan. Na matsa. Tana nan.

Sai dai asirina ya tonu, kuma ta hanya marar kyau. Shekaranjiya da la'asar Abba yana jan wani babban firji da baya-baya, bai duba ba ya taka ƙofar nan da na rufe ramin. Ta zame, ƙafarsa ta shige cikin yashin, ya faɗi zaune, firjin ya jingina da bango. Allah ya tsare bai faɗo masa ba. Amma ya gurɗe ƙafa, kafin magariba ta kumbura.

Ina tsaye da bokiti. Ban ruga ba, ban yi ihu ba. Ina ganin abin kamar a littafi nake karanta shi, wata yarinya ce can take tsaye da bokiti. Ya zauna a ƙasa yana riƙe da idon sawunsa, ya ture ƙofar gefe, ya daɗe yana duban ramin. Ya ɗebi yashin ya murza. Sannan ya tambayi wa ya yi wannan aikin. Na ce ni. Ya ce wa ya taya ni. Na ce ba kowa. Ya ce in nuna masa hannuna, na nuna.

Na ɗauka faɗa zai yi, har na shirya inda zan kalla. Sai ya ce in gaya masa me ya sa rabi. Umma, na yi magana. Na faɗa masa duk abin da Mai Furanni ta ce, da yadda ake jiran fararen saiwoyi, da zuciyar da ba a so ruwa ya shiga, har da ƙwarin auduga da bai tambaya ba. Tun da aka haife ni ban taɓa yi masa magana mai tsawon wannan ba. Yana zaune a ƙasa, wandonsa duk yashi, yana saurare kamar yadda yake kara kunne a jikin firji ya ji inda yake ciwo.

Da na gama ya ce, in an ɗaga ta kuma sai a kai ta ina. Na ce wurin Umma. Wannan ne karo na farko da aka ambace ki a gidan nan da ƙarfi tun ranar da na yi masa maganar zuwana wurinki. Ya dafa bango ya tashi, ya ƙi in riƙe shi, ya ɗingisa ya shige ɗaki. Na dafa masa ruwan zafi na ajiye a ƙofa.

Magini ya aiko cewa ya gama wancan ginin, zai zo farkon mako da siminti. Saiwoyin ba su fito ba, na tona da yatsa na duba. Ban san me zai faru ba. Ina ci gaba da jiƙa yashin.

Ki gaishe mini da Kaka. Wassalam.

Auta

*

Umma,

Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce, direba yana jira a bakin titi.

Magini ya zo da mutanensa da buhunan siminti. Abba ya fita da sandarsa, suka yi magana a waje, ban ji ba. Sai na ga an jibge buhunan a zaure an rufe da leda, sun tafi. Magini yana tafe yana cewa shi bai taɓa ganin inda aka dakatar da gini saboda mafici ba.

Yanzu Abba a rana yake aiki, ya ɗaura tampol daga bango zuwa bango, iska tana ta cire shi. Ya kafa sanduna a kewaye da ramin ya ɗaure da tsohuwar wayar lantarki. Wani mai kawo gyara ya rataye hularsa a ganyen giginyar, Abba ya ce masa nan ba ƙusa ba ce.

Gwaggo ta zo ta ga haka, ta riƙe haɓa, ta ce ikon Allah, an sallami mai itace an zauna ana jinyar itace. Abba ya ci gaba da kwance sukurorinsa kamar da wani take. Ni ma bai ce mini komai ba, ko game da giginyar ko game da ni. Da safe dai nakan tarar yashin a jiƙe kafin in fito.

Kumburin ƙafarsa ya sace. A gaishe da Kaka da Kawu.

Auta

*

Zuwa ga Ummana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fatan ke da Kaka da Kawu kuna cikin ƙoshin lafiya. Ki karanta wannan da kyau don akwai aiki a ciki.

Saiwoyin sun fito. Farare ne tas, gajeru, kamar an zuba tsinken ashana a cikin yashin. Na kira Abba ya tsuguna ya gani. Bai taɓa su ba, ya ce hannunsa da mai.

Jiya muka haƙa sauran rabin. Shi ya riƙe diga, ni ina kwashe ƙasa ina nuna masa inda zai tsaya. Abin da ya ɗauke ni makonni ya gama kafin azahar. Muka yanke ganyen ƙasa, muka tattara na sama muka ɗaure su da tsumma don kada tohon ya karye. Muka naɗe ƙasar gindinta da buhun algarara muka jiƙa. Ba a ɗaga ta ta kai, don haka ya tura katako ta ƙarƙashi, ya sa ta a keken da yake jan firji. Yanzu tana bayan akori-kurarsa a kishingiɗe, an tokare ta da tsofaffin katifu. Da ganyen a ɗaure ta zama 'yar ƙarama, ba za ki ce ita ce ba.

Ki sa Kawu ya haƙa rami kafin jibi, inda rana take samu da safe kuma ruwa ba ya kwanciya. Faɗinsa ya ninka babban bahon wanki, amma zurfin kada ya wuce gwiwa, don ba a so a binne ta fiye da yadda take a da. A haɗa ƙasar da yashi. Kada a sa taki yanzu ko Kaka ta ce a sa. A nemo sanduna uku na tokara.

Ga sauran maganar. Bayan mun ɗora ta, yana wanke hannu a famfo, ya tambaye ni sau nawa za a riƙa ba ta ruwa a can. Na ce kullum, har sai ta kama ƙasa, kuma Mai Furanni ta ce wata da watanni ne. Ya ce ya ji kina wuni a shago, Kaka kuma ba ƙafa. Na ce haka ne. Ya rufe famfon, ya ce to in haɗa kayana, har da na makaranta. Ashe tun makon jiya ya je wurin shugabar makarantarmu ya karɓo takardar canji. Ya ce zai kawo mu har ƙofar gida amma ba zai shiga ba, Kawu ya fito da mutum biyu a sauke ta a hankali.

Na ce to. Abin da na iya cewa ke nan. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina jiran murna, tunda abin da nake so ke nan tun ranar da kika tafi. Na ji alamarta can nesa, kamar ana kiɗa a wata unguwa. Ta taga ina hango shi yana cika ramin shi kaɗai, yana dannawa da ƙafar mai lafiya. Magini zai zo gobe.

Na gama haɗa kaya. Littattafan sun cika kwali guda, Gwaggo ta ce in bar mata biyu ta ga abin da ya cinye mini harshe. Na mayar wa Mai Furanni digarta.

Ɗazu na shiga kicin zan ɗora abincin rana, na tarar da Abba a ciki yana buɗe kabad ɗaya bayan ɗaya. Na ce me yake nema in ɗauko masa. Ya ce ba komai, yana duba inda abubuwa suke ne. Na nuna masa gishiri da mai da ashana, da tukunyar da ba ta kamu. Sai ya tambaye ni, idan za a dafa shinkafa, ita ake fara zubawa ko ruwa. Na ce ruwa. Ya ce in tsaya a gefe ya gwada in gani. Ya auna gwangwani biyu kamar yadda nake yi mana, ya tsaya yana kallonsu, sannan ya mayar da ɗaya cikin buhu. Na ce Abba, yau ai muna nan mu biyu. Ya ce haka ne, ya sake aunowa.

Ta ɗan yi ruwa, amma mun cinye.

Sai mun iso jibi in Allah ya yarda. Ki gaishe da Kaka da Kawu. Kada a manta da yashin.

'Yarki,
Auta